Daɓe Ba Ya Riƙe Sawu

Masu iya magana sun ce, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na tashi ina jin wannan karin magana, na kuma yarda da ita, sai dai akwai tambayar da ba ta amsa mini ba. Yaya ke nan idan mai kayan ba zai taɓa sanin an ɗaukar masa kome ba? Yaya ke nan idan alƙali da kansa ya riga ya ce kayan naka ne, jama'a kuma suka tafa maka? Ban sami amsar wannan tambaya a aji ba. Na same ta ne a bakin wani filin wasan tanis da ke Onikan, cikin birnin Legas, a watan Oktoba na shekarar 2013, daga wurin wani mutum da har yau ban san cikakken sunansa ba.

Kafin in kai mai karatu filin, ya kamata in bayyana halin da nake ciki a wancan lokaci. A farkon shekarar mahaifina ya sayar da masarar da ya ɓoye, ya aiko mini da naira 60,000 domin in biya kuɗin rajista da na ɗaki. Wani abokina ya shawo kaina cewa mu juya kuɗin na sati uku kacal a cinikin tsofaffin wayoyin hannu, in biya makaranta, riba kuma ta zama tawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Sati uku ya zama wata uku, uwar kuɗi da riba suka bi ruwa, aka rufe rajista babu sunana. Ina cikin tunanin yadda zan tunkari Baba, sai ga malaman jami'o'in ƙasar nan sun shiga yajin aiki a farkon watan Yuli. Ɗalibai suka yi ta baƙin ciki, ni kuwa na ji kamar an sauke mini dutse daga ka, domin yanzu ba ni kaɗai ne ba na shiga aji ba. Duk ranar Juma'a Baba zai kira ya ce, "Yaya karatu?" Ni kuma in ce, "Baba, ai yajin aiki ake yi." Ban yi ƙarya ko sau ɗaya ba, ban kuma faɗi gaskiya ko sau ɗaya ba.

Da aka rufe makaranta ban tafi gida ba. Na koma Obalende wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya shekara fiye da talatin yana da teburin shayi a wannan unguwa. Shi har yanzu Ikko yake kiran garin. Ina wanke masa kofuna, ina soya ƙwai, da rana kuma in yi ta gararamba. Har Babbar Salla ta zo a cikin watan na Oktoba ban je gida ba, na fake da tsadar kuɗin mota.

A cikin masu zuwa teburin Kawu akwai wani dogon saurayi, baƙi, siriri, mai kimanin shekara 28, wanda kullum yake rataye da wata doguwar jaka. Ba Bahaushe ba ne, amma Kawu yana kiransa Ɗan Ƙwallo, shi kuma yana amsawa. Yakan sha shayi da burodi da ƙwai biyu, Kawu ya rubuta a littafin bashi. Hannunsa na dama ya fi na hagu kauri ƙwarai, tafinsa duk kanta. Wata safiya ya ce mini cikin Turancin buroka, yau yana da wasa, idan ba ni da abin yi in zo in kalla. Abin yi kuwa ba ni da shi, sai na bi shi.

Kulob ɗin tanis na Legas yana daura da Dandalin Tafawa Ɓalewa, an kuma kafa shi tun 1895. Fili ne da ya ga manya. A nan ne Arthur Ashe, Ba'amurke baƙar fata wanda ya ci gasar Wimbledon a 1975, yake tsakiyar wasa a watan Fabrairu na 1976, 'yan kwanaki bayan kisan Janar Murtala Muhammed, sojoji suka shigo da bindigogi suka kori kowa daga fili. Daga wannan birni kuma Nduka Odizor ya fito, wanda ya kai zagaye na 4 a Wimbledon a 1983, ya kuma hau matsayi na 52 a duniya a 1984. Duk yaron da ke tsintar ƙwallo a Onikan ya san wannan suna, kamar yadda yaran Arewa suka san sunan Shago a dambe.

Gasar da na tarar ita ce wadda a lokacin ake kira Kofin Gwamna, ana yin ta sati biyu a jere, kowane sati da nasa kofin. Ya kamata a san cewa tanis na ƙwararru hawa-hawa ne kamar tsani. A can ƙoli akwai manyan gasanni huɗu, wato na Ostireliya da Faransa da Wimbledon da Amurka, inda ake rabon miliyoyin daloli. Ƙasa da su akwai gasannin ƙungiyar ATP, sai ajin da ake kira Challenger. A can ƙasa, matakin farko na tsanin, akwai ajin da a wancan zamani ake kira Futures, wanda hukumar tanis ta duniya, ITF, take kula da shi, kafin a sauya masa suna da tsari a 2019. Gasar Legas ta maza tana cikin wannan aji na ƙasa. Mutum 32 ne ke shiga wasan ɗaiɗaiku, wato mutum da mutum, duk wanda aka kayar kuma ya fita ke nan. Cikin kwana ɗaya ko biyu rabinsu sun tattara komatsansu.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ake fafutika a kansa. A gasar da jimillar kuɗinta dala 15,000 ne, zakaran ɗaiɗaiku ba ya samun dala 2,500, wanda aka fitar a zagayen farko kuwa ko dala 200 ba ya samu. Alhali ga mutane nan sun taso daga Indiya da Faransa da Kuroshiya da Masar, kowa ya biya kuɗin jirgi daga aljihunsa. Wani bincike da hukumar ITF ta yi a kan wannan shekara ta 2013 ya nuna cewa sai namiji ya kai wajen matsayi na 336 a duniya kafin abin da yake samu ya biya abin da yake kashewa, ga kuma dubbai suna wasan. Ashe ba kuɗi suka zo nema ba, maki suka zo nema. Wanda ya ci wasansa na farko yana samun maki 1, kuma wannan maki ɗaya tak ya isa ya sa sunan mutum cikin jerin 'yan wasan duniya har tsawon sati 52. Mai suna a jerin yana iya neman shiga gasa da ƙafarsa. Marar suna kuwa sai ya bi ta wasannin share fage, ko ya jira masu gasa su ba shi gurbin alfarma. Ɗan Ƙwallo ya shekara goma yana neman wannan maki bai samu ba, a wannan karon kuma gurbin alfarma aka ba shi.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Tsawon filin mita 23.77 ne, fāɗinsa a wasan ɗaiɗaiku mita 8.23, an raba shi biyu da raga wadda tsayinta a tsakiya bai cika mita ɗaya ba. Kowa yana riƙe da madoki mai saƙar tsirkiya da ake kira raket. Ana ƙirga ci da 15, 30, 40, na huɗu ya ba mutum abin da zan kira gida ɗaya. Idan aka yi kunnen doki a 40, sai wani ya ci sau biyu a jere. Wanda ya riga tara gida 6 da ratar biyu ya ci turmi. Kamar dambe, turmi uku ake yi, wanda ya ci biyu shi ne da nasara. Ƙa'ida kuma ita ce, ƙwallon da ta taɓa layi, ko da da gefen gashinta ne, tana ciki.

Saura bayani ɗaya, wanda shi ne ƙashin bayan labarina. Filayen tanis iri uku ne: na ciyawa irin na Wimbledon, da na jar ƙasa irin na Faransa, da na daɓe. Shi na daɓe siminti ne ko kwalta, a shafe shi da fenti mai kauri wanda aka cuɗa da yashi. A kansa ake gasar Amurka tun 1978, da ta Ostireliya tun 1988, irinsa ne kuma a Onikan. Yana cin takalmi, yana cin gwiwa, da rana tsaka kuma zafinsa yakan ratso tafin ƙafa. A filin jar ƙasa ƙwallo tana barin sawu, idan gardama ta tashi alƙali yakan sauko daga doguwar kujerarsa ya duba. A kan daɓe doka ba ta yarda da duba sawu ba. Manyan gasanni sun fara amfani da na'urar bin sawun ƙwallo tun 2006, amma ƙananan gasanni ina suka ga kuɗinta? Abin da idon mai duba layi ya gani shi ke nan, ko daidai ko kuskure.

An sa wasan Ɗan Ƙwallo da hantsi, a wani fili na gefe. 'Yan kallo ba mu fi arba'in ba, yawancinmu yara masu tsintar ƙwallo da direbobi da ke jiran iyayen gidansu. Abokin karawarsa wani Bature ne matashi, ja wur saboda rana, yana da raket shida cikin jaka, kowanne a leda. Ɗan Ƙwallo yana da biyu, ɗaya ma an ɗaure mariƙinsa da tsumma. Aka fara. Ban san lokacin da wasan ya tafi da ni ba. Babu kiɗa, babu kirari, babu abokin taimako, ba ka jin kome sai ƙarar ƙwallo da kukan takalmi a kan daɓe da nishin mutum biyu. Bayan kowane gida biyu su zauna na daƙiƙa 90, su sha ruwa, su sake tashi. Ɗan Ƙwallo ya ci turmin farko da 6 da 4, Bature ya rama na biyu da 6 da 3. A turmi na uku rana ta take tsaka, Bature ya fara jan ƙafa, namu kuwa ɗan gida ne, zafin Legas ba baƙonsa ba ne. Aka kai 5 da 4, namu ne a gaba, kuma a cikin gidan da ake bugawa yana da 40, Bature yana da 30. Wato ci ɗaya ya rage tsakaninsa da abin da ya shekara goma yana nema.

Bature ya buɗe bugu, aka yi ta musayar ƙwallo har na daina ƙirgawa. Can sai ya kai wani dogon bugu, ƙwallo ta sauka a layin baya, dab da ƙafar Ɗan Ƙwallo. Mai duba layi ya ɗaga murya ya miƙa hannu, alamar ta fita. Muka tashi tsaye gaba ɗaya da sowa. Bature ya sunkuyar da kai ya nufo raga domin ya miƙa hannu. Amma Ɗan Ƙwallo bai motsa ba. Ya tsaya yana kallon layin, kamar mai karanta wasiƙa. Daga nan ya ɗaga raket ya nufi alƙali, ya ce ƙwallon ta taɓa layi, cin na Bature ne.

Wurin ya yi tsit. Alƙali ya sake tambayarsa ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Wani direba a bayana ya yi tsaki ya zage shi da Yarbanci, ni ma a zuciyata na ce wannan wane irin wawa ne. An ba ka, jama'a sun shaida, wanda aka ƙwace wa ma bai yi gardama ba, kai ne za ka mayar? Aka koma kunnen doki. Bature, da ya ga ya dawo daga bakin kabari, sai ƙarfi ya zo masa. Ya ci wannan gida, ya ci na gaba, ya ci na gaban wancan. Aka tashi 7 da 5. Da suka gaisa a raga Bature ya daɗe yana riƙe da hannunsa, amma riƙon hannu ba ya shiga jerin 'yan wasan duniya. Ɗan Ƙwallo ya zuba raket ɗinsa biyu cikin jaka, ya fita ta ƙaramar ƙofa, babu wanda ya bi shi.

Da daddare ya zo teburin Kawu kamar kullum. Na kasa haƙuri, na tambaye shi dalili. Na zaci zai yi mini wa'azi, sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Abin da ya faɗa, idan na mayar da shi Hausa, shi ne: "Ni na fi kowa kusa da ita, na kuwa gan ta. Wallahi da idona ya kauce a lokacin, da na karɓa da hannu biyu, da yanzu ina murna. Amma na gani. Idan na karɓa, sati hamsin da biyu duk lokacin da na duba sunana a jerin nan, ƙwallon nan zan riƙa gani." Ya kurɓi shayi, ya ƙara da cewa gwiwarsa ta hagu ta fara ba shi matsala, bai sani ba ko za a sake ba shi gurbi baɗi. Kawu yana jinmu bai ce uffan ba. Bai yafe masa bashi ba, domin Kawu ba ya yafe bashi, amma na ga ya fasa ƙwai uku maimakon biyu, ya rubuta biyu.

A wannan dare barci ya ƙaurace mini. Na ga cewa ni ma an yi mini kiran da ya faɗo a gefena. Yajin aiki ya ɗaga hannu ya ce ba laifina ba ne, duniya duk ta shaida, wanda na cuta kuma yana can ƙauye yana yi mini addu'a. Babu sawun da wani zai duba. Da an koma makaranta zan iya cewa yajin aiki ne ya rikita lissafi ya jawo mini ƙarin shekara, Baba kuma zai yarda, domin bai taɓa shiga jami'a ba balle ya san yadda ake ƙirga zangon karatu. Ni kaɗai ne na fi kowa kusa da ƙwallon, na kuwa gan ta.

Bayan sallar asuba, kafin a hura wuta, na durƙusa gaban Kawu na faɗa masa kome. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗan nan, ba ni ne mai masarar ba." Ya ciro wayarsa daga aljihu ya miƙo mini. Na kira Baba, muka gaisa, na faɗa masa. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Daga bisani ya ce, "To, na ji. Ka zo gida." Ya kashe.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Na isa gida ana tsakiyar kaka. Baba bai yi faɗa ba, bai ɗaga hannu ba, da ma ya yi ɗin da ya fi mini sauƙi. A daren farko ya kira ni zaure ya ce, "Masara ba ta dame ni ba, Allah Ya ba da ita, zai kuma ba da wata. Abin da ya dame ni shi ne wata huɗu ina tambayarka, kana ba ni amsar da ta fi ƙarya muni." Daga nan ya yi kusan wata biyu ba ya ce mini kome sai amsa gaisuwa. Na yi aikin gona tare da ƙannena har aka kai amfani rumbu. Da aka janye yajin aiki a watan Disamba abokan karatuna suka ci gaba, ni na rasa shekara guda cur. Kawu ne ya ranta mini kuɗin rajista ta gaba, ya kuma rubuta a littafin nan nasa, na biya da wanke kofuna. Allah Ya yi wa Baba rasuwa a 2016, kafin in karɓi takardar digiri. Bai ga takardar ba, amma ya bar duniya babu wani abu nawa da yake ɓoye gare shi. Da na jira sai na gama karatu in faɗa masa, kamar yadda zuciya ta so, da yanzu ina ɗauke da kayan da babu wurin sauke su.

Akwai wani abu kuma da ban lura da shi ba sai daga baya. A cikin baƙin da suka zo Onikan a wannan wata akwai wani yaro ɗan Kuroshiya mai shekara 16, Borna Coric, wanda ya ɗauki ɗaya daga kofunan biyu. Shekara guda bayan haka ya kayar da Rafael Nadal a birnin Basel, a 2018 ya kayar da Roger Federer a wasan ƙarshe na gasar Halle, ya hau har matsayi na 12 a duniya. Domin irinsa aka kafa tsanin, kuma shi tarihi zai riƙe. Amma tsani ba ya tsayuwa sai da matakin ƙasa, kuma a kan kowane mutum ɗaya da ya haye akwai ɗaruruwa da suka ƙare ƙuruciyarsu a matakin farko, suka bar gwiwoyinsu a kan daɓe, babu jaridar da ta ambace su. Ɗan Ƙwallo yana cikinsu. Labarin ƙarshe da Kawu ya ba ni shi ne ya biya bashinsa duka, ya koma garinsu yana koya wa yara wasan.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, yawancinmu ba za mu taɓa tsayawa a babban fili ba. Rayuwarmu za ta ƙare ne a filayen gefe, a ofis ko aji ko kasuwa, gaban 'yan kallo ƙalilan, inda babu na'ura kuma daɓe ba ya riƙe sawu. Wata rana za a yi kiran da ya faɗo a gefenmu bisa kuskure, a tafa mana, mu kaɗai ne kuma za mu san inda ƙwallon ta sauka. Ba zan yaudare ku in ce wanda ya faɗi gaskiya a ranar zai ci wasan ba, domin wanda na gani da idona bai ci ba, ni ma shekara guda ta tafi. Abin da na sani kawai shi ne, a daren da aka fitar da shi ya shanye shayinsa, ya yi mana sai da safe, ya tafi ya kwanta, ni kuwa da aka bai wa nasara na kwana ido biyu.

Allah Ya ba mu ikon faɗar abin da muka gani, ko da a kanmu ne. Amin.